Sikelin Albasa

Ni ne mai sikelin albasa a Wamakko,
ni na fara auna Tunau.
Buhu ya sauka, ƙanena ya hau,
ba takalmi, ba riga,
cikinsa ba komai sai yawun asuba.

"Nawa?"
"Saba'in da uku."
Ya ja tsaki, ya saɓa filafili, ya gangara Rima
ya je ya zubar da rabin kilo a gulbi.

Ajin marasa nauyi suke ce wa tserensu.
Inna ta ce, "Wane irin aiki ne wannan
da ake biyan mutum don ya rame?"
Ta dama fura, ta rufe da faifai,
furar ta yi tsami tana jiran sa.

Jirgin da aka ba shi siriri ne kamar kara,
ba ya ɗaukar akuya, balle amarya.
Masunta suka yi dariya a bakin gada.
Da ya wuce su, zalɓe bai ko ɗaga kai ba,
ruwa ya tsage, ya haɗe, ba tabo.

Abin da ya ɗaure mini kai,
baya yake ba inda za shi.
Idonsa na kan waɗanda ya bari,
ƙeyarsa ce ke fara shiga nasara.

Goronyo, ya ci. Legas, ya ci sau biyu.
Wata ƙasa mai sanyi da ba na iya faɗin sunanta,
ya zo na huɗu, ya yi kwana tara bai yi magana ba.
Shekara ta kewayo ya koma,
ya dawo da zinariya a cikin safa,
tafinsa duk kanta, kamar bayan kada.
Na ɗora lambar a sikelina don wasa,
allura ko motsi ba ta yi ba.

Shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da tuwo.
Ran da aka kayar da shi ba a ruwa ba ne,
a ɗakin awo ne, da hantsi,
wani mai farar riga ya duba, ya sake dubawa,
ya girgiza kai.
Nauyin albasa uku kacal.
Ni da nake yafe wa masu saye fiye da haka kullum!

Yanzu in damina ta cika gulbi
shi ke ƙetarar da mata zuwa fadama
a katon jirgin katako, yana fuskantar gaba.
Ya yi tumbi. Yana shan furar Inna har ya side ludayi.

Amma jiya da almuru, kasuwa ta watse,
na juyo daga ɗaure buhu
na gan shi tsaye kan sikeli, ya tuɓe takalmi.
Bai tambaye ni nawa ba.
Ni ma ban duba ba.