Alƙalin Albasa

Ran da rudun Tunau ya ci wuta,
Aliero ta kwana uku tana ƙamshin suya,
ƙamshin da ba wanda ya ce da daɗi.
Wata huɗu na ban-ruwa, bashin taki, bashin fetur,
duk sun hau sama a dare guda.
Da safe muka tarar yana tonon toka da ƙafa
kamar mai neman allurar da ya san babu.

Aka kai masa dawa, ya maido da tiya cike.
Arzika ya naɗe kuɗi ya cusa masa a aljihu,
kafin ya kai gida kuɗin sun riga shi.
Tunau ke nan. Ko ƙaya ce ta soke shi,
sai ya juya baya kafin ya cire.

To, duk shekara in an gama haƙa
unguwarmu kan ɗora tukunya ɗaya a gindin tsamiya:
shinkafa 'yar Suru, bandar kifi daga Yawuri,
kwaɗon lawashi da ƙuli, gabu sabon daka.
Kowa ya kawo abin da fadama ta ba shi,
kowa ya ci na wani.

Bana sai Inna Kulu, wadda haƙoranta suka zube
amma wayonta bai girgiza ba,
ta buga sanda ta ce akwai gasa.
"Kowane gida kwando guda, na gani na faɗa.
Alƙali kuwa, wa ya kai Tunau sanin albasa?"
Wani yaro ya ce, "Inna, da can ana yin haka?"
Ta ce, "Tun ba a haihi ubanka ba. Tahi ba ni wuri."

Kwando talatin da huɗu, jere kamar sahu.
Ya zo da ƙyar, ya tsuguna da ƙyar,
sai hannu ya tuna aikinsa.
Ya matsa wuya, ya ɓare ɓawo, ya shinshina.
"Ta Sahabi ta sha ruwa, ba ta kai damina.
Gado, garajen me ka yi? Ko biki za ka?"
Aka kwashe da dariya.
Rabonmu da jin muryarsa haka tun kafin gobara.
Ya ba Hassatu nasara,
mai kwami uku rak a bayan firamare,
ta tafi da kaza a hammata tana rufe baki.

Nan Inna ta sake buga sanda.
"Albasar da aka yi wa shari'a ba ta komawa gida.
Ta alƙali ce, ladan idonsa. Haka muka gada."

Ludayi ya tsaya a tukunya.
Ya dube ta. Ya dube mu.
Kowa ya sami abin kallo a cikin kwanonsa.
Ya sani,
mu ma mun san ya sani.

Ya zaro wuƙa, ya tsaga guda biyu,
ya riƙe ta dab da fuska fiye da yadda shari'a ke buƙata.
Can ya ce, "Wagga akwai zafi."
Arzika, da ke taku goma daga wurin,
ya ce, "Wallahi har nan ta iso ni."
Ni ina bakin murhu, na ɗora wa hayaƙi.

Aka ci, aka side, yara suka yi faɗa kan ƙanzo,
amalanke ya yi sawu shida kafin magariba.

Da asuba Hassatu ta buɗe ƙofa
ta ga kwando biyu, ba sallama, ba ɗan aike.
Ta ce ba ta san mai shi ba.
Amma na riga ta fitowa shara,
na ga sawun takalmi da toka-toka a jikinsa,
na bi shi da tsintsiya.