Gidan Bakin Dam

Ɗanliti dillali ya ce akwai gida a Rurum
mai kallon ruwan Tiga:
ɗaki uku, rijiya, gindin gwaba.

Na sayar da bijimai biyu,
Hansatu ta kwashi adashinta.

Yara suka ruga cikin yashi,
auta har ya zaɓi tagar
da zai riƙa ƙirga kwale-kwale.

Ashe magada bakwai ne.
Shida sun dangwala,
ɗaya na Kurmi, wayarsa a kashe.

Ga kuma zanen laka a bango,
daidai ƙirjina, shaidar ambaliyar bara.
Ɗanliti ya jingina a kai yana murmushi.

Muka juyo da kuɗinmu,
da bandar tarwaɗa biyu,
da yashin da har yau
ke zubowa daga aljihun auta.