Na Huɗu Kafin Na Ɗaya

A Otaru ƙanƙara ta toshe bakin ƙofa.
Mitsue ta zube faya-fayan wasan yayanta a tabarma,
bakwai ne, ɗaya ya tsage a gefe.

Noboru ya bar takarda cikin kwalin:
"Kar ki bi lamba, lamba ƙarya take.
Na huɗu ne farko, kafin cutar ta tsere daga ɗakin gwaji.
Sai na ɗaya.
Na uku ki tsaya a rabi, ki gama na biyu, ki dawo.
Dare ɗaya ne, titi biyu."

Ta bi.
A na huɗu likitan nan da ransa,
yana kurɓar shayi, yana laluben makulli,
bai san shi zai fafare ta a na ɗaya ba,
baki wage, ido fari fat.
Da suka haɗu sai ta kasa harbi.
Harsashi uku, tocila na lumshewa.

Katin ajiya na riƙe da sunansa:
sha tara ga Fabrairu, biyu da kwata na dare.
Ya tsaya gaban wata ƙofa, bai buɗe ba.
Da asuba jirgin kifinsu ya fita.

Na shida da na bakwai fa?
Ta juya takardar. Wayam.

Uwarsu ta leƙo: "Miya ta huce."
"Ina zuwa."

Ta tura ƙofar.
Injin ya tambaya ko ta ajiye a kan nasa.
Ta danna a'a.