Ukun da Ba Ta Ƙarewa

Sadakar arba'in ta wuce da kwana biyu,
an naɗe tabarmin gaisuwa.
Na aro kwamfutar ofis a wurin Rufa'i,
ya ce in maido kafin takwas, cajinta rabi ne.

Na zauna a zaure na buɗe kalkuleta,
ba ƙaramar nan ta masu shago ba,
babbar, mai maɓallai birjik kamar an watsa tsaba,
wasu har yau ban san aikinsu ba.
Na nemi inda zan ɗora bakwai bisa takwas,
layi a tsakani,
yadda Malam Ɗahiru yake ja mana da alli.
Babu layi. Sai alamar rabawa.
To, da ita za a yi.

Gonar tana hanyar Mai'adua,
inda kwalta ke karkata ta bar Daura a baya.
An riga an faɗa mana: Inna tumuni,
abin da ya rage kashi shida,
ni biyu, Sa'adu biyu,
Barira ɗaya, Tasalla ɗaya.

Na buga ɗaya,
a ɗebe ɗaya, a raba takwas, a raba shida.
Allo ya ce: sifili, ɗigo, tara, bakwai, tara.
Wato Barira ita kaɗai ta kwashe gona,
ta bar mana abin da bai kai shimfiɗar buzu ba!
Na yi dariya, karo na farko tun rasuwa,
har Inna ta leƙo da tocila
tana tambayar ko lafiya.

Laifin nawa ne.
Na'ura da rabawa take farawa kafin ta ɗebe,
ba ta san uwa ake fara sallama ba
sai ka kewaye rabonta da baka biyu,
ka ce mata: gama da wannan tukuna.
Na buɗe baka, na rufe baka,
na sake raba shida.

Sifili, ɗigo, ɗaya, huɗu, biyar, takwas,
sai uku.
Uku, uku, uku, uku,
sun jeru kamar tururuwa sun sami bakin buhu,
har suka kai bangon allo,
kuma na san can bayan bango ba su tsaya ba.
Nawa kuwa shida ce ta yi ta bin shida,
da ta gaji ta ƙare da bakwai,
bakwai ta ƙarya, don kawai a tashi.

Inna ta ja kujera.
Ta ce, wa zai auna wannan da ƙafa?
Mahaifinku da igiya ya sayi gonar nan
shekarar da aka haifi Sa'adu.

Sai na tuna abin da Malam Ɗahiru ke cewa
in lissafi ya ƙi:
ka nemi gidan da kowa zai kwana.
Takwas sau shida.
Na ninka rabon Barira da arba'in da takwas,
tururuwa suka watse,
bakwai ta tsaya cak, ba ɗigo, ba jela.
Tasalla bakwai. Ni sha huɗu, Sa'adu sha huɗu.
Inna shida.
Na tara da yatsu, ban yarda da kowa ba:
arba'in da takwas.

Ta ce gobe a sayo igiya doguwa
a yi mata ƙulli arba'in da takwas.
Ta yi shiru.
Can ta ce, ɗorawar tsakiyar gona fa,
wadda yake rataya gora a jikinta,
a ƙulli na nawa za ta faɗa?

Na ɗora yatsa a kan maɓalli.
Allon ya dushe, ya yi ƙyaf, ya mutu.
Muka zauna a hasken tocila,
ba wanda ya tashi neman caja.