Ɗiyar Mahauci a Wuse

A Gangare, cikin Jos, aka yanke mini cibi,
gidan mahauta, inda kowace wuƙa ke da suna.
Babana Ɗan'asabe, in ya ɗora tsoka a sikeli,
mata su ce, "Malam, a yi mana gyara da kitse."
Sai ya yanko ɗan fari tas kamar auduga,
ya aza a kai, fuska a ɗaure, kamar mai fid da zakka.

Yau ga ni a Wuse, bene hawa na biyu,
farar riga, safar hannu, ɗaki mai sanyin firji.
Nan babu wuƙa, babu jini, babu ƙuda.
Abin da ake roƙo a teburin Baba,
shi ake biya na dubbai in kora.

Hajiya Lantana ta zo ran Talata,
ta jefa makullin mota cikin jaka,
ta kamo gefen cikinta da yatsu biyu:
"Tun haihuwar auta ya sami wurin zama.
Haya ba ya biya, tashi kuma ya ƙi."
Na zagaye ta da tef irin na tela,
na rubuta lambar a kati, ban furta ba.

Na shafa mata jel, ta zabura don sanyi.
Na ɗora kan na'ura, na shiga zagayawa
a hankali, kamar mai damun fura da ba ta son gudaji.
Sauti ne kawai, Hajiya, na ce mata,
sautin da ya fi ƙarfin kunne.
Yakan ratsa fata bai tsaga ta ba,
ya tarar da kitse kwance, ya yi ta girgiza shi
har ya saki.
Ta ce, "To wannan ƙarar da ke cikin kaina fa,
kamar gyare ya kwana a kunne?"
Na ce shi ne, sallama yake yi.

Minti arba'in ne aikin.
A na ashirin da uku aka ɗauke wuta,
muka jira janareto ya gama tari.
Cikin duhun nan ta ce bikin 'yarta saura wata biyu.
Ba ta neman ta koma budurwa,
so take a ɗauke ta hoto sau ɗaya
ba ta riƙe numfashi ba.

Madam Nanret ta hana mu yi wa kowa alkawari,
don haka na faɗa mata yadda yake:
sai kin dawo sau shida, ƙila takwas.
Ki sha ruwa kamar mai ramuwa,
ki taka da ƙafa bayan la'asar,
sauran aikin na hanta ne.
Sikeli ba lallai ya yaba miki ba, sai dai zane.
Kuma na'ura ba ta san masar da za ki ci da dare ba.
Ta yi dariya har jel ya zamo.

Daren nan Baba ya kira daga Jos,
sanyi ya shaƙe masa murya.
Sau uku ke nan ina yi masa bayani.
Ya ce, "Wuƙa marar baki, na ji.
Amma kitsen, ina kuke tarawa?"
Na ce ba a tarawa, Baba, jiki ke fitar da shi.
Ya yi shiru mai tsawo,
shirun wanda ya shekara arba'in bai zubar da ko jijiya ba.
Ya ce, "Asara."

Na sauka daga mota a Nyanya,
ƙafafuna sun kumbura don tsayuwa.
Mai balangu ya miƙo mini na ɗari biyar a takarda.
Na tsaya ina kallonsa, ban karɓa ba,
har ya gane, ya mai da wuƙa wajen farin.