Kan Sarki Ba Kai

A Garwa, bayan la'asar, kanti ya yi shiru,
Kawu Bawuro ya jawo gwangwanin alawa
da ya shekara talatin bai ga alawa ba.
Ya goge hannu a riga, ya ce kar in yi numfashi kusa.

Da matsefata yake ɗauka, ba da yatsa ba,
kamar mai cire ƙaya a ƙafar jinjiri.
Ga kore, ga ruwan ƙasa, ga wani ja da ya koɗe
ya koma launin goron da aka tauna jiya.
Haƙoran gefensu yake ƙirgawa.
Mai giɓi ɗaya, in ji shi, darajarsa ta zube,
shi da saura haƙora shida a bakinsa.

Na karɓi madubi na duba:
mikiya ta baje fiffike kamar an shanya ta,
kambi a bisanta, bai wuce ƙwayar dawa ba,
sunan ƙasarmu a karkace da baƙar tawada.

Na ce, Kawu, kan sarki muke ce masa,
to ga hular, ina kan?

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, kakana Ɗan'inna,
Jamusawa suka ɗora wa jakar wasiƙu
daga bakin Binuwai har Marwa, a ƙafa,
damina da rani.
Bai san harafi ɗaya na rubutunsu ba,
wuyansa ne ya haddace nauyin gaisuwar wasu.
Gashin tsakar kansa bai ƙara tsirowa ba.
Ga kan da kake nema.
Gammo ne kambinsa.

Bara wani ya zo daga Duwala da jaka,
ya taya, ya ƙara, ya koma da kuɗinsa.
Kawu ya ce, ba ƙaunarsu ta sa ni tarawa ba,
ladan dako ne da ba a biya ba
nake karɓa ɗai-ɗai.

Sai ya sauya ganyen dalbejiya saboda gara,
ya jera mikiyoyin, kowace da kambinta,
ya danna murfi da tafin hannu.
Ladan ya ɗaga murya.
Ya tura sarautar Jamus ƙarƙashin kanta,
kusa da buhun gishiri,
ya ce in miƙo masa buta.