Fuskar da Hannu Bai Zana Ba

A Mestiya ƙanƙara kan toshe hanya wata biyar.
Nan mahaifina Otar ya shekara arba'in
yana zana fuska ɗaya tak a kan allunan katako.

Babu wuya, babu kafaɗa.
Fuska ce kurum a tsakiyar farin mayani,
gashi rabe biyu,
gemu a jiƙe kamar yanzu aka fito daga kogi.

Labarin a bakin kakansa ya tsince shi:
wai wani sarki ne kuturta ta ci,
ya aiki mai zane ya kamo masa kamannin Almasihu.
Mai zanen ya duba, ya sake dubawa,
haske ya fi ƙarfin ido, hannu ya ƙi.
Sai Yesu ya nemi ruwa, ya wanke fuska,
ya goge da ƙyalle, ya miƙa masa.
Fuskar ta zauna a zare.

"Kin ga wahalarmu, Nestan,"
in ji Baba, gwaiduwa na rawa a tafinsa,
"mu masu yatsu aka ce mu kwaikwayi
abin da yatsa bai taɓa ba."

Ni ke niƙa jar ƙasa a kan dutse.
Duhu ake fara shimfiɗawa,
kore-kore kamar gindin kududdufi,
sannan haske, ɗis-ɗis,
a goshi, a karan hanci.
Idanu sai ƙarshe, su ma sai ya yi azumi.

Tsohuwa Eteri mai kawo mana ƙwai
ta rantse idon na raka ta har bakin ƙofa.
Baba ya yi dariya, ya ce dabara ce,
ƙwayar ido ake sawa daidai tsakiya.
Amma na gan shi da tsakar dare, kyandir a hannu,
daga wannan kusurwa zuwa waccan,
yana gwadawa.

Sai yana ta sauko masa a ido.
Allon ƙarshe ya tsaya a rabi:
goshi ya fito, gemu ya fito,
gurbin idanu ba kowa.

Ranar da muka kai shi makwanci bayan hasumiya
na dawo na tarar da tsummansa a ƙusa,
wanda yake share gumi da shi.
Ba zan ɓoye ba, na baza shi a gaban taga.
Na juya shi. Na ɗaga shi sama.
Jar ƙasa ce, da ɓurɓushin zinariya,
da maiƙon goshi, da warin taba.
Babu fuska.

Duk da haka na ninke shi cikin akwatin burushi.

Gobe Eteri za ta hawo da ƙwai shida,
ƙafarta ta riga ta saba da tudun.
Allon yana nan jingine da bango.
Tun jiya ban sa komai a baki ba,
ban kuma san idon wa hannuna zai tuna ba.